Ɗinkin Inci Uku

A Ingila akan gina wa 'yar tsana gida, inci ɗaya a maimakon ƙafa ɗaya. Mafi shahara shi ne na Sarauniya Meri, wanda aka gama a 1924, yana nan a fadar Winsa. Talakawa ma sukan yi nasu. Uwa takan yanki ƙyallen tsohuwar riga inci uku, ta kalmashe bakinsa, ta rataya shi labule a tagar.

To, 'yan'uwa, wannan ɓata lokaci ne? Ai 'yar tsana ba ta jin rana, ba ta kuwa jin kunyar mai wucewa.

Mu dai mun ce a'a, gama akwai yarinya zaune tana kallon hannun uwarta. In uwar ta yi ɗinkin ganin ido, ta ce ai wasa ne, yarinyar ta koya ke nan akwai aikin da ha'inci ya halatta a cikinsa. Gobe da wannan mudu za ta auna wa makaho hatsi.

Ubangijinmu Yesu ya lura da anini biyu na gwauruwa. Ɗinkin inci uku zai ɓace masa? Bari mu kalmashe har bakin da ba a gani.