Idan aiki ya zo babba ne, idan shawara ta zo yaro ne

'Yan uwa, akwai abin da na gani lokacin cirar albasa wanda har yau bai bar raina ba. Na tsaya bakin titi a Aliero ina jiran mota zuwa Jega, ana lodin buhuna. Cikin masu lodin akwai wani yaro da ba zai wuce shekara 14 ba, amma ya yi tsawo, murya ta buɗe. Buhu ya suɓuce masa, albasa ta watse, sai wani magidanci ya daka masa tsawa: ƙato da kai! Ba a daɗe ba aka shiga lissafin kuɗin lodi, yaron ya buɗe baki zai ce ƙidayar ba daidai ba ce, mutumin nan dai ya ce masa: rufe mana baki, yaro da kai.

To wanne ne shi? Kuma wa ya ba mu damar zaɓen sunan da ya fi mana amfani a kowane lokaci?

Kuskurenmu shi ne muna ɗaukar girma abu guda ne, alhali jiki da hankali da zuciya ba tare suke isa ba. Masu ɗorin Aliero, da ake zuwa wurinsu daga nesa, sun san ƙashin yaro daban yake: yakan lanƙwashe kamar ɗanyen icce, kuma ya fi na babba saurin haɗewa, domin bai gama ginuwa ba. Haka ƙwaƙwalwa take, sai dai ita ba a gani. Likitoci sun tabbatar alamun balaga sukan fara wa 'ya mace tsakanin shekara 8 zuwa 13, ɗa namiji kuma 9 zuwa 14. Amma sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna ƙarshen al'amari da taka wa mutum birki, yana ci gaba da nuna har wajen shekara 25. Sashen da ke motsa sha'awa da fushi da son yabon abokai ya riga shi farkawa. Shi ya sa saurayin da ke tuƙa mashin a hankali in yana shi kaɗai, da ya hango abokansa sai ya saki hannu. Ba wai bai san haɗari ba ne. Ya sani sarai, idon abokai ne ya fi ƙarfin saninsa a wannan lokacin.

Malaman fiƙihu sun rarrabe waɗannan matakai tun da daɗewa. Akwai tamyizi, wajen shekara 7, inda ake fara umartar yaro da salla ba tare da an rubuta masa zunubi ba. Akwai balaga, inda hukunci yake hawa kansa, kuma a mashahurin zance na Malikiyya in babu wata alama sai ya cika 18. Abdullahi ɗan Umar, Allah ya ƙara musu yarda, an mayar da shi gida ranar Uhudu yana da 14, aka karɓe shi ranar Handaƙu yana da 15. Sannan akwai mataki na uku da muke mantawa, wato rushdi. A farkon Suratun Nisa'i an sharɗanta cewa ba a miƙa wa maraya dukiyarsa don ya balaga kawai, sai an jarraba shi an ga ya iya riƙo. Ka ga Shari'a da kanta ta yarda mutum zai iya balaga alhali bai gama nuna ba.

Wani zai ce, Malam, ashe kana nema musu uzuri ke nan. A'a. Wanda ya balaga salla da azumi sun hau kansa, in ya yi ɓarna a hukunta shi daidai laifinsa. Abin da nake ƙi shi ne a ɗora masa nauyin babba da zargin babba, a hana shi mutuncin babba. Na 'ya mace ma ya fi muni: yarinya 'yar shekara 12 ta ɗauko talla a kasuwar Jega, don ta yi jiki sai magidanta su riƙa yi mata maganar da ba za su yarda a yi wa 'yarsu ba.

Iyayenmu kuwa suna da hanyar jarrabawa. Yaro in ya tasa yana aikin gandu tare da kowa, sai uba ya yanka masa gayauna: shi zai shuka, shi zai girbe, shi zai sayar. In ya yi asara ƙarama ce, ga uba kusa yana kallo. Wani dattijo a Maiyama ya gaya mini a gayaunarsa ya fara sanin ɗacin bashi, kuma daga shekarar da ya yi riba mahaifinsa ya fara kiransa in za a yi maganar gida. Yau da yawanmu mun tsallake gayauna, mabuɗin kabu-kabu muke miƙa wa ɗan shekara 15, mu ce ya kawo kuɗi da yamma, ba ma tambayarsa da wa ya wuni.