Ɓoye Littafi a Laburare: Sata ko Dabara?

Duk wanda ya yi zaman kwalejin horon malamai ya san guguwar da kan tashi ran da malami ya ce kowa ya nemo littafin yara, ya nazarce shi, ya zo ya koyar da shi gaban aji. A Maiduguri, garin da ke da Kwalejin Ilimi ta Kashim Ibrahim da jami'ar da aka kafa a 1975, dubban ɗalibai sun sha wannan nema. Littattafan da ake farauta sanannu ne: Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, ko Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, ko Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Sau da yawa ɗalibai sun haura arba'in, kwafi kuwa ɗaya tak.

To, a nan ne wata ɗabi'a kan ɓullo, wadda ba ta keɓanta da wata makaranta ba. Wanda ya riga kowa isa sai ya zare littafin daga kantar harsunan Afirka, ya kai shi can cikin littattafan kimiyyar haɗa sinadarai ya cusa, inda babu ɗalibin Hausa da zai leƙa. Gobe ya dawo ya tarar da abinsa. Shin wannan mutum ɓarawo ne?

Idan aka tuhume shi, yana da abin faɗi. Bai fita da littafin ba, bai yage ko shafi ɗaya ba. Su ma malaman fiƙihu sun shardanta cewa sata sai an fitar da dukiya daga ma'ajiyarta a ɓoye, shi kuwa daga kanta zuwa kanta ya kai shi, a cikin ɗaki guda. Yana iya ƙarawa da cewa da bai ɓoye ba, da wani ya riga shi, watakila ma mai reza a aljihu.

Ni dai a ganina wannan hujja ta kuɓutar da shi daga hukuncin alƙali ne kurum. Abin da laburare ya mallaka ba takarda da tawada ba ne kaɗai, har da sanin inda kowane littafi yake. Lambar nan da ake mannawa a gadon bayan littafi alkawari ce tsakanin ma'aikaci da mai karatu, cewa in ka bi ta za ka samu. Wanda ya raba littafi da gurbinsa ya bar wa jama'a gangar jiki, ya tafi da amfanin. Ya fi kama da ɗan kasuwar da ya kulle hatsi a rumbu lokacin yunwa: bai taɓa dukiyar kowa ba, amma ba a taɓa jin malamin da ya yabe shi ba. Hasali ma nasa ya fi muni, domin hatsin na ɗan kasuwa ne, littafin kuwa tamkar waƙafi ne.

Sai dai kuma masu iya magana sun ce, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na mazauninsa, amma littattafan ba su bi bayan manufar yadda ya kamata ba. A Borno abin ya fi ciwo, ganin an rufe makarantu a 2014 saboda rikicin Boko Haram, ga kuma ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 da ta malale gari. Ƙarancin gaskiya ne. Amma ƙaranci yana bayyana dalilin laifi ne, ba ya wanke shi, balle a ƙasar da ta daɗe da sanin maganinsa. Borno ta yi suna da alarammomi masu rubuta Alƙur'ani da hannu. A tsangaya, littafi ɗaya kan haifi goma ta hanyar aro da kwafa. Ɗalibin yau da ke riƙe da waya mai ɗaukar hoto ya fi su sauƙin yin haka nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne irin littafin da aka ɓoye. Tatsuniya ce fa, wadda a cikinta Gizo kan ɓoye abinci ya hana Ƙoƙi da 'ya'yansa, asirinsa ya tonu, yara su yi dariya. Wannan ɗalibi shi ne zai tsaya gaban 'yan firamare ya ja musu kunne game da halin Gizo. Abokan karatunsa kuwa za su tafi nasu azuzuwan ba su taɓa riƙe littafin ba.

Galibi kuma mai ɓoyewa ba ya komawa. Ya ci jarrabawa, ya karɓi takardar shaida, ya manta. Ma'aikaci ya duba gurbin sau biyu sau uku, ya rubuta a rajista cewa littafin ya ɓata, alhali yana nan taku ashirin daga teburinsa, ƙura na hawansa.