Jijiyar Da Ta Yi Ratse

A lura da ƙafafun mutane a wajen alwala, lokacin da kowa ya naɗe wando. Wani jijiyoyinsa sun fito raɗau a sawu da ƙwauri, wani kuwa ko alama babu. Mutum ɗaya ma, ba lalle ne zanen ƙafarsa ta dama ya zo daidai da na hagu ba.

A littafin koyon likita komai tsaf yake. Babbar jijiyar ƙarƙashin fata, wadda ake kira safina, tana tashi daga sawu, ta bi gaban idon sawu na ciki, ta haura ƙwauri da cinya, ta juye jininta a gindin cinya. Cikin jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya babu mai tsawonta. Ƙanwarta kuma ta bi bayan sha-raɓa ta nutse a bayan gwiwa. To amma tun 1873 Carlo Giacomini, wani masani a Italiya, ya nuna cewa sau da yawa wani reshen ƙanwar kan zarce cinya ya je ya iske yayar.

A wasu mutanen kuwa, safinar kan yi tafiya sai ta sirance, ko ta ɓace ɗungurungum a kusa da gwiwa. Haka aka haife su. Sai wani reshe na gefe ya buɗe ya karɓi aikin, kamar yadda direbobi ke yin ratse in gada ta karye, su hau titi a gaba. Mai ƙafar zai yi noma, ya yi fatauci, ya tsufa bai sani ba, tunda kusan kashi 90 cikin 100 na jinin ƙafa ta jijiyoyin cikin tsoka yake komawa. Ni dai ina jin nauyin kiran wannan tawaya, alhali ba ta hana kowa zuwa kasuwa ba.

Ranar tiyata ce maganar ke tashi. A 1967 René Favaloro, likita ɗan Ajantina da ke aiki a Amurka, ya ciro safina ya yi wa toshasshiyar jijiyar zuciya hanyar kewaye da ita, kuma har gobe ana yi. Likitan da ya dogara da zanen littafi yana iya tsaga ƙafa ya tarar babu abin ɗauka. Shi ya sa ake fara bin jijiyar da na'urar sikanin, a shata ta a fata kafin wuƙa ta sauka.

Akwai inda rashin dubawar ya fi haka illa. A wata larura da likitoci biyu, Klippel da Trénaunay, suka bayyana a Faransa a 1900, wani lokaci jijiyoyin cikin tsokar ne ba su ƙosa ba. Kumburarriyar jijiyar waje, wadda ido ke ƙyama, tana iya zama ita ke riƙe da ƙafar. A cire ta don kwalliya, jini ya rasa mafita, ƙafa ta haye.