Wa Ke Kashe Gida?

Kalmar nan "na'ura" da muke kiran inji da ita, asalinta Larabci ce, sunan wata babbar ƙafar katako mai juyawa tana ɗebo ruwa daga kogi. Da ita aka yi wa wani gidan gona na sarakunan Banu Umayya suna a Andalus, wato Sifen ta yau. Munyatun Na'ura ake ce masa, yana gaɓar kogin Wadil Kabir, a bayan birnin Ƙurɗuba.

Sarki Abdullahi ne ya kafa shi. Jikansa Abdurrahman na Uku, wanda ya yi mulki daga 912 zuwa 961, ya mai da shi wurin hutawarsa. A 941 ya sa aka jawo masa ruwa tun daga duwatsu, yana zuba cikin wani tafki, daga nan ya shayar da lambuna, rararsa ta koma kogi. Nan ake sauke manyan baƙi. Yau ko bangonsa babu a tsaye.

To, wa ya kashe shi? Za ki ce Nasara. A'a. Sai a 1236 Nasara suka ci Ƙurɗuba, alhali gidan ya fi shekara 200 da zama kango. Fitina ce ta ɓarke a 1009. Muhammadul Mahdi da Sulaimanul Musta'in, dukkansu tattaɓa-kunnen Abdurrahman ɗin nan, kowa ya ce shi ne halifa, kowa ya ɗauko sojan haya na Kirista don ya yaƙi ɗan'uwansa. Cikin wannan hargitsi aka wawashe gidajen gonar kakanninsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na san za a ce ƙaddara ce, duniya ba matabbata ba ce. Haka ne, amma ƙaddara ba ta ɗauke wa mai laifi laifinsa.

Dubi unguwarku. Da wuya ki rasa gidan da maigida ya rasu, gado ya ƙi rabuwa, 'yan uba suna ta zarya a kotu, damina kuwa tana cin katanga. Mu kan ce halin maza ne. Amma fa wannan ɗa namiji a ɗakin wa ya fara jin "kada ka ci abincin ɗakin can"? Wa ya koya masa ƙirga abin da Baba ya saya wa 'ya'yan kishiya? Kishi halitta ce, ban hana ki ji zafinsa ba. Sai dai ke kina faɗa ki huce, gobe ma ku yi dariya a tsakar gida, shi kuwa yaron ya riƙe har ranar da za a zauna rabon gado.