Tattali ko Rowa: Wa Ke Biyan Kuɗin Araha?

Hausawa sun daɗe da raba tattali da rowa: na farko ado ne ga magidanci, ta biyun kuwa abin kunya ce. Amma a bakin kasuwa, inda ake ciniki kan kashin tumatir, tsakaninsu bai fi kaurin zare ba.

Ma'aikacin da ke zaune Yamai ko Damagaram yana da hujjar ƙirga kuɗin cefane. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, kayan waje suka yi tsada, albashi bai bi sawu ba. A 2005, harajin kashi 19 cikin ɗari da aka ɗora wa fulawa, madara da sukari ya fito da jama'a kan tituna; a shekarar ce kuma tiyar hatsi ta gagari talaka alhali kasuwar Maraɗi ba ta rasa hatsi ba. Wanda ya ga wannan, ba a zarginsa in ya riƙe dala da kyau.

Sai dai araha ba daga sama take faɗowa ba. Akwai mai biyanta. Manomin albasa na Galmi yakan sayar da amfaninsa lokacin girbi, sa'ad da kasuwa ta cika, domin bashi na jiransa. Wanda ke da halin adana ta cikin rudu har farashi ya tashi, shi ke cin riba. Haka matar da ta ɗauko zogale daga Jiratawa tun asuba: ta san ganye ba ya kwana, mai saye ma ya sani. In ya jira har la'asar, ya taya rabin kuɗi, ya dawo gida yana yabon wayonsa, abin da ya rage daga cefane guminta ne. Abin mamaki, mutumin nan ba ya neman ragi a kanti, inda aka rubuta farashin gwangwanin tumatir a takarda. Raunin mai talla kaɗai ke ba shi ƙarfin baki.

Garkar gida wata hanya ce. Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani, har salati, shu da karoti suka saba da tukwanen da ba su san su ba. Magidancin da ya shuka zogale biyu, yakuwa da tonka a bayan ɗaki, yana ba su ruwan alwala da na wankin hatsi, daga jikinsa ya cire arahar. Ƴaƴansa kuma sun ga kwanakin da ganye ke ɗauka kafin ya isa miya, da wuya su raina mai sayar da shi.

Duk da haka garka ba ta wanke kowa. Ɗan haya ba shi da fili, ruwan famfo kuɗi ne, kuma da kowane gida zai noma miyarsa, matar Jiratawa za ta koma da kwandonta cike. Akwai ma mai garkar da ke ƙirga ƴaƴan tumatir kamar yadda yake ƙirga canji. Ana gane shi ranar da zogale ya yi yawa: maƙwabta suna hango reshe ta saman katanga, ba su taɓa ganin yaro da kwano a ƙofarsu ba.