Ko Ya Halatta A Ɓoye Wa Soja Labarin Rasuwa?

A shekarar 1990, sa'ad da aka tura sojojin Nijeriya zuwa Laberiya a ƙarƙashin rundunar ECOMOG, matan bariki waɗanda ba su yi makaranta ba sukan tsaya bayan Misa domin a rubuta musu wasiƙa. Wata rana ɗaya daga cikinsu ta ce mini, "Malam, rubuta wa maigida cewa kowa lafiya, Mama kuma tana gaishe shi." Alhali kuwa kwana tara ke nan da muka binne Maman. Sai na ajiye alƙalami.

Hujjar matar nan ba ta banza ba ce. Mutumin da ke gadi da dare da bindiga a hannu yana bukatar hankalinsa duka, baƙin ciki kuwa yakan raba hankali. Ba zai iya zuwa ba, ba zai tashe ta ba. Ƙauna ce ta sa matar ta nemi a ɓoye. Shi ma sojan haka yake yi: yakan rubuto "muna nan lafiya lau" a ranar da aka ɗauki gawar abokinsa.

Amma yin shiru dabam, faɗin ƙarya dabam. Doka ta takwas ba ta tilasta mu faɗi dukan abin da muka sani a kowace sa'a ba. Katekizim na 1992 ya yarda cewa ƙauna da lafiyar wani suna iya sa a kame baki. Abin da Waliyi Agustin ya ƙi, tun wajen shekarar 395, shi ne a faɗi abin da aka san ba haka yake ba, ko da don a taimaki mutum ne. Gaisuwa daga bakin matacciya ƙarya ce. Tana kuma ƙwace wa ɗa hakkinsa na yin makoki da yi wa mahaifiyarsa addu'a a kan kari. Ranar da ya gane kuwa, wace wasiƙa ce daga gida zai sāke gaskatawa? Yesse ya aiki Dawuda wurin 'yan'uwansa a bakin daga da gurasa goma, ya ce kuma ya komo da shaidar lafiyarsu. Guzuri da labari mai tabbaci tare suke tafiya.

A wancan zamani jinkirin wasiƙa yakan rufa mana asiri, gama takan yi makonni a hanya. Yanzu ba haka ba ne. Sojan da ke Borno yakan buga waya ya ce, "Ba ni Mama mu gaisa," ko kuwa ya tarar da hoton jana'izar a Facebook kafin kowa ya buɗe baki. A ganina wannan ya fi kowane muni. Gara a zaɓi mai faɗa da lokacin faɗa: wansa, ko limamin sojoji da ke tare da su, bayan ya sauka daga aiki, akwai kuma wani a kusa da shi.

Ni da matar nan mun daɗe muna jayayya, ta yi kuka, ta ce alhakinsa a wuyana. A ƙarshe muka rubuta biyu. Ta fari ta labarin yara da amfanin gona ce, ba gaisuwar Mama a ciki. Ta biyu muka kai wa Fada, ya aika wa limamin bataliyarsu domin ya karanta masa da bakinsa.