Da Rarrafe Yaro Kan Tashi

Duk wanda ya taɓa zama a tsakar gida da hantsi ya san abin da ake yi ranar da jariri ya fara jan ciki. Uwa tana tankaɗe, sai ta ajiye rariya ta tsaya kallo. Yaro ya dafa ƙasa da tafin hannu, ya ɗaga gwiwa ɗaya, ya kife, ya yi ɗan kuka, ya sake dafawa. Kaka ta riƙe masa ludayi daga ɗan nesa tana kiransa da sunan da ta laƙaba masa, yayyensa suna tafi. A duk gidan ba mai cewa yaron nan gurgu ne, ko da ɗan maƙwabta tsaransa ya riga ya fara dafa bango. Abin da ake yi shi ne a share tsakar gida, a kawar da garwashi, a rufe bakin rijiya, a bar shi ya yi ta fama. Irin wannan kallo ne ya sa Bahaushe ya ce da rarrafe yaro kan tashi.

Nauyin maganar yana kan kalmarta ta farko, wato "da". Ba a ce bayan rarrafe yaro kan tashi ba, kamar rarrafen wata jinya ce da ake jira ta wuce. An ce da rarrafe, kamar yadda ake cewa da fartanya ake noma, da allura ake ɗinki. Rarrafen shi ne kayan aikin. Shi ke ƙarfafa gwiwa da kafaɗa da gadon baya, shi ke koya wa yaro auna nisan abin da yake so ya kamo. Sai kuma "kan", mai nuna abin da aka saba: haka lamarin yake ga kowa. Sarki da alƙali da likita, duk sun goge gwiwa a ƙasa kafin su miƙe.

Abin da ke ci mini rai shi ne wannan hikima ba ta cika shiga aji tare da yaranmu ba. Yaron da aka yi wa tafi don ya kife ya tashi, bayan shekara bakwai yana aji biyu ko uku, ya kasa haɗa baƙi da wasali, sai ka ji an ce, "Wanga yaro ba ya da kan karatu." Wani ya ce daƙiƙi, 'yan aji su kwashe da dariya, a mayar da shi can baya. Ƙarshen zango uba ya karɓi takardar sakamako, ya ga ɗansa ya zo kusa da na ƙarshe, ya ce gara ya bi shi gona. In yarinya ce, a ɗora mata faranti ta tafi talla. Har mu kan kafa hujja da cewa juma'ar da za ta yi kyau tun daga laraba ake gane ta. Mafi muni, yaron da kansa yakan yarda. Ya daina ɗaga hannu, ya daina tambaya, ya koyi kwafar rubutun na kusa da shi don ya tsira da mutuncinsa. Daga ranar karatu ya tsaya, domin an kunyata shi a kan abin da zai tashe shi.

Na taɓa zama a bayan wani aji huɗu a wata firamare da ke tsakanin Talata Mafara da Bakura, ana darasin lissafi. Malama ta rubuta 52 a ɗebe 17. Wata yarinya ta rubuta 45 a littafinta, ta rufe da tafin hannu. Malamar ta zo kanta, ba ta ɗaga jan biro ba. Ta durƙusa gefenta ta ce, "Ɗiyata, gwada mani yadda kin ka yi." Da ƙyar muryar yarinyar ta fito: "Malama, bakwai ba ta fita cikin biyu, sai nic cire biyu cikin bakwai." Malamar ta ce ta yi gaskiya, bakwai ba ta fita cikin biyu, kuma wanda ya lura da haka ya riga ya yi rabin aikin. Ta jawo kwali mai ɗauke da gutsattsarin karan dawa da aka ɗaure goma-goma da zare, ta ba ta ƙulli biyar da sili biyu, ta ce ta ba ƙawarta sha bakwai. Yarinyar ta miƙa ƙulli ɗaya, ta dubi sili biyun da ke hannunta, ta yi shiru. Can sai ta sa haƙori ta tsinke zaren ƙulli guda, kara ya zube kan benci, ta ƙirga bakwai ta bayar. Ta ƙidaya abin da ya rage, ta ce talatin da biyar. Ba wanda ya faɗa mata a kwance ƙulli, da kanta ta gano abin da ake nufi da aro a lissafi.

Wannan 45 ɗin rarrafe ne. Akwai tunani a cikinsa, tunanin da ya kusa isa bai ƙarasa ba. Da an ja masa jan layi an wuce, da abin da yarinyar za ta koya ranar shi ne ita ba ta iya lissafi ba. Tambaya guda ce ta raba hanya, kuma tambayar ba ta buƙatar kwamfuta ko sabon gini.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin wannan. A shekarar 1998, Carol Dweck da Claudia Mueller sun wallafa wani bincike da suka yi da 'yan aji biyar a Amurka. An ba yaran aiki mai sauƙi, aka yaba wa wasu da cewa su masu basira ne, wasu kuma aka yaba musu da cewa sun yi ƙoƙari. Waɗanda aka yaba wa basira sun fi zaɓar aiki mai sauƙi daga baya, don kada a ga gazawarsu, kuma da aka ba su mai wuya suka kasa, sai gwiwarsu ta yi sanyi, aikinsu ya lalace. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari kuwa sun fi naci, sun fi son abin da zai koya musu sabon abu. Dweck, wadda ke koyarwa a Jami'ar Stanford, ta tattara wannan fahimta a littafinta na 2006: yaron da ya ɗauka basira ƙayyadajjiya ce yana gudun kuskure, wanda ya yarda tana ƙaruwa da aiki yana amfana da shi. Ashe har yabo yana iya gurgunta yaro. In ka ce masa ɗan baiwa ne, ka ɗora masa sunan da zai ji tsoron zubarwa. In ka ce masa, "Na ga ka gwada hanya biyu kafin ka samu," ka nuna masa abin da zai sake yi gobe.

Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu. A makarantar allo kowane almajiri da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Ana fara shi da babbaƙu, ya wuce farfaru, kuma ba a wanke allo sai ya biya ya iya, ko kwana biyu ya ɗauka ko mako biyu. Kolo ya san gardi ma kolo ne a da, alaramma ma haka. Tsani ne a fili, kowa yana ganin matakalar da ke gabansa. Tsangaya tana da nata gyaran da take buƙata, amma wannan ɗaya ta riƙe shi da kyau: jinkiri ba ya fitar da mutum daga sahun masu karatu.

Ba musun baiwa nake yi ba. Allah ya bambanta bayinsa, wani kansa na ja da sauri, wani sai an maimaita masa sau biyar. Sai dai iyakar inda yaro zai kai gaibu ne, kuma malamin da ya yanke wa ɗan shekara tara hukunci ya shiga hurumin da ba nasa ba. Manoman rani da ke shan ruwan madatsar Bakalori, wadda aka kammala a 1978, sun fi mu adalci ga shukarsu. In dashen shinkafa ya yi ja, manomi ba ya zagin iri. Yakan duba ko ruwa ya yanke, ko taki ya gaza, ko ciyawa ta shaƙe ta.

A nan ne kashi na biyu na hikimar yake, wato sharar tsakar gida. Daɗin baki kaɗai ba ya koya wa yaro karatu. Wani babban bincike da David Yeager da abokan aikinsa suka wallafa a 2019, a kan ɗalibai sama da 12,000 a makarantun sakandaren Amurka, ya nuna koya wa yara cewa basira na ƙaruwa ya ɗaga sakamakon masu rauni, amma da kaɗan, kuma ya fi tasiri a inda sauran ɗalibai ba sa ƙyamar aiki mai wuya. Ke nan sai an gyara wurin da za a yi rarrafen.

Wurinmu kuwa an zuba masa garwashi. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandaren Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agustan shekarar aka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗauke ɗalibai 73 daga sakandaren Kaya a Maradun, gwamnati ta rufe makarantu. Yara da yawa sun yi watanni ba su riƙe alƙalami ba, wasu iyayensu sun bar ƙauyukansu. Yaron da ya dawo aji yana da shekara goma sha uku bai iya karanta jimla ba, ba kansa ne ya gaza ba, hanya aka tare masa. Da gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2023, an ga ana gyaran gine-gine, kuma abin a yaba ne. Gyaran da ya rage shi ne na cikin aji: a fara da yaro daga inda yake. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta gwada haka shekara da shekaru, ana gwada kowane yaro, a haɗa masu koyon baƙi wuri guda, masu haɗa kalma wuri guda, ba tare da duban ajinsu ba, kuma an kawo tsarin jihohi irin su Borno da Kano. In ka duba da kyau, dabarar allo ce ta dawo mana ta wata ƙofa.

Yau akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, ga jami'ar jiha a garin. Waɗanda za su cika ɗakunan karatunsu nan da shekara goma suna zaune yanzu a ƙasan azuzuwan Mafara da Bakura da Maradun, wasunsu sun rufe amsar da suka rubuta da tafin hannu. Malam, Malama, gobe in kun zo kan irin wannan hannu, ku durƙusa ku tambayi mai shi yadda ya yi. Baba, in takardar sakamako ta zo da ja, ka tambayi ɗanka abin da ya iya bana wanda bai iya ba bara, ka kuma sa masa albarka a kai. Kun taɓa yi wa wannan yaro tafi ranar da ya kife a tsakar gida, kuma ga shi yau da ƙafarsa yake zuwa makaranta.